Ranar da maza suka shiga fili su bakwai

Sandunan hoki goma sha uku ne kacal a makarantarmu, kuma da su muke wasa, maza da mata. Tun kafin in shiga lise, wato sakandare, aka sayo su. Da shekarun matsi suka zo, waɗanda kowa a Duwala ke kira la crise, sai aka daina sayen komai. Maza su yi atisaye ran Litinin da Laraba, mu ran Talata da Alhamis. Yayana ne kyaftin na maza, ni kuma ina wasa a gefen dama a ƙungiyar mata, ina da shekara goma sha biyar.

A gidanmu na New Bell ake jinyar sandunan. Babanmu ya shekara ashirin yana aikin ofis a wani kamfani kusa da tashar jiragen ruwa, sai aka rage ma'aikata har da shi. Daga nan ya daina fita, in ba masallaci ba. Wata rana Yaya ya shigo da sanda da ta tsage, Baba ya karɓa ya jujjuya ta, ya aike ni wurin mai faci in karɓo tsohon tib na keke. Ya yayyanka shi siri-siri, ya shafa gam, ya naɗe ta tam. Tun daga ranar duk wadda ta samu matsala, barandarmu ake kawo ta.

A shekarar aka kawo gasar matasa ta ƙasa garinmu, ta maza da ta mata tare, kuma ƙungiyoyinmu biyu duk suka samu shiga. Filayen suna can wajen Cité des Palmiers. Akwai ranakun da tasi ba ta fita ko ɗaya, sai mu taka da ƙafa ta cikin unguwar Nylon, muna tsallake kwatami, sandunan a ɗaure cikin buhu a kan wani. Da farko ba mu sha wahala ba, don maza da safe suke wasa, mu da yamma. Su fito su miƙo mana sanduna da ɗumin hannunsu a jiki. A haka duk muka kai wasan kusa da na ƙarshe.

Sai ruwa ya sauko, irin na Duwala, kwana biyu bai ɗauke ba. Da aka dawo, masu shirya gasar suka ce lokaci ya ƙure, za a yi wasan maza da na mata a sa'a ɗaya, a filaye biyu da ke maƙwabtaka. Malaminmu na wasanni, wani dogon mutum da ba ya jin Hausa, ya je ya roƙe su, suka ce babu yadda za su yi. Ya zagaya neman aro. Yawancin waɗanda aka cire sun riga sun koma garuruwansu, biyar ya samo.

Ya tara mu a gindin mangwaro ya ce da Faransanci, "Sanduna goma sha takwas, ku ashirin da biyu. Ko dai kowane ɓangare ya shiga da tara, ko ɗaya ya janye."

Nan take wasu cikin mazan suka ce mata su janye. Ɗaya ya ce kofin maza shi ake bugawa a jarida. Mu ma muka hayayyaƙo. Da hayaniyar ta lafa, Yaya ya dubi malam.

"Mesiye, a ba su goma sha ɗaya," in ji shi. "Mu mu shiga da bakwai."

Wani ya ce masa ya haukace. Yaya ya juya ya dube shi. "Ka ga waɗanda za mu kara da su. Ko mun cika da wuya mu ci su. Su kuwa waɗannan ba wanda ya jefa musu ƙwallo tun da aka fara. In aka raba tara-tara, duk mu biyun gida za mu koma."

Na ja hannun rigarsa na ce da Hausa, "Yaya, za su yi muku dariya fa."

"Su yi. Ke dai kada ki riƙe ƙwallo, in kin samu ki bayar."

Malam ya je wurin alƙalin wasa, aka yi 'yar muhawara, ya yarda. Muna shirin shiga na hango Baba a bakin fili, da fararen kaya da hula da lema a hannu. Da ƙafa ya zo tun daga New Bell. Rabona da in gan shi nesa da unguwa haka har na manta.

Filin duk taɓo ne, ƙwallo ta tafi ta tsaya a rabin hanya. Aka tafi hutu babu ci. Ina jin ihu daga ɗaya filin jefi-jefi, na san ba namu ne ke yi ba. Ana saura kaɗan a tashi, 'yar tsakiyarmu ta turo mini, na wuce mutum ɗaya, na ga abokiyata a gaban raga ba kowa kusa da ita, na bayar. Ta ɗora mata sanda kawai ta shige. Na waiga inda Baba yake, sai na ga bayansa. Wasan maza yake kallo.

Mun ci ɗaya da nema. Mazanmu kuwa an ci su shida. Suka fito laka har ka, ɗaya yana ɗingishi, kuma 'yan kallon da suka fara da dariya suna ta tafa musu.

A hanyar komawa na kasa haƙuri. "Baba, ba ka ga ƙwallonmu ba."

"Ban gani ba, uwata," ya ce. "Ku kuna da masu kallo. Su na ga ba kowa a gefensu." Ya ɗan yi tafiya, sannan ya ƙara da cewa, "Ko sau ɗaya yayanki bai tsaya ba. Har aka hura usur yana gudu."

Yaya yana gabanmu da buhun sanduna a kafaɗa, bai juyo ba, amma na san ya ji.

Washegari aka yi wasan ƙarshe, wasu 'yan mata daga yammacin ƙasar suka ci mu biyu da ɗaya, muka zo na biyu a ƙasa. Mazan nan duka sun zo, har wanda ya ce mu janye, shi ne ma ya fi kowa buga mana galan kamar ganga. Aka ba mu ƙaramin kofi da takardar shaida kowacce. Baba ya karɓi tawa ya karanta ta a tsaye, ya gano an rubuta sunan gidanmu ba daidai ba, ya nufi teburin masu gasar da lemarsa. Bai bar wurin ba sai da aka sake rubuta mini wata.