Injiniyan da Ba Ya Magana a Zaure

Idan ka tambayi mutanen Ƙanƙara sana'ar Abdulgafar, amsa uku za ka samu, kuma duk ba daidai ba. Wasu su ce mai gyaran waya ne, wasu su ce mai sola. Mahaifiyarsa, Hajiya Barakatu ta 'Yankara, cewa take yi ɗanta likitan kwamfuta ne, ita ce ma ta ɗan kusanto. Gaskiyar magana, shi ke kula da kwamfutoci da na'urorin wasu ƙananan asibitoci uku, ɗaya a Ƙanƙara, ɗaya a Faskari, ɗaya a Sabuwa, yadda bayanan majinyaci da aka rubuta a nan za su bayyana a can. To, wa zai tsaya ya saurari wannan dogon bayani? A majalisa, da ya fara sai a koma zancen taki da farashin masara. Matarsa Mansura tana ƙoƙari, amma iyakarta ta ce Allah ya taimaka, ta miƙo masa tuwo.

Abokan hirarsa suna cikin aljihunsa. Wani zaure ne na injiniyoyi a waya, mutum ɗari huɗu da ɗoriya, daga Kano, Jos, Abuja, har da na ƙasashen waje. Shekara uku yana ciki, ko tari bai taɓa yi ba. Ya san wanda aka yi wa haihuwa, ya san mai saurin fushi, ya san mai cika baki. A cikin motar haya, kan hanyar Faskari mai ramuka, sai ka ga yana murmushi shi kaɗai saboda wani ya tsokani wani. A ransa 'yan uwansa ne, kuma yana ƙaunarsu ƙwarai.

Shugaban zauren, Injiniya Harisu, mutumin kirki ne mai naci. Kusan kowane mako sai ya roƙi masu leƙe su fito, ya ce tambaya ba abin kunya ba ce, kuma wanda ya san abu ya ɓoye ya cuci jama'a. Abdulgafar yakan ɗauka da shi ake. Sai ya rubuta layi biyar, ya duba Turancinsa, ya tuna cewa masu digiri biyu na ciki shi kuwa difloma gare shi, ya goge. An kuma tarbiyyantar da shi cewa yaro ba ya tsoma baki inda manya ke magana. Yaro fa, mai shekara talatin da shida da 'ya'ya uku!

Sai aka shiga lokacin da aka katse layukan waya a yankin saboda matsalar tsaro. Asibitoci uku suka koma kamar kurame. Abdulgafar ya yi kwanaki yana tunani, babu wanda zai tambaya, har ya gano dabara. Ya tsara yadda kowace kwamfuta za ta zuba sabbin bayananta a ɗan filashi, a kulle su yadda baƙo ba zai karanta ba, a ba direban motar haya ya kai gari na gaba, kwamfutar can ta haɗe su ba tare da an maimaita sunan kowa ba. Abin ya yi aiki. Ranar farko da ya ga sunan wata majinyaciya ta Sabuwa ya fito a Ƙanƙara, ya juya don ya nuna wa wani, ya tarar mai shara ce kawai a ɗakin. Kaɗaicin ranar ya fi na kullum ciwo.

Nan ya yanke shawara. Ya sayi littafi, ya rubuta dabarar daki-daki, ya gyara Turancin ya fi sau goma. Wannan karon zai yi magana, ko da za su yi masa dariya.

Bayan wata uku sabis ya dawo, ana cikin cin kasuwar Ƙanƙara. Mutane na ta kiran 'yan uwa, shi kuwa ya raɓe a inuwar wani shago da littafinsa a cinya, ya buɗe zauren. Saƙo na ƙarshe ya kai wata biyu. Injiniya Harisu ne ya sanar cewa wuri ya cika, sabbin mutane na jira, don haka duk wanda bai taɓa cewa komai ba ya gabatar da kansa kafin Juma'a. A ƙasa an rubuta cewa an cire Abdulgafar daga zauren.

Ya ajiye wayar a kan littafin. Bai ga laifin kowa ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Daga baya ya nemo lambar Injiniya Harisu, ya yi sallama, ya roƙi a mayar da shi, ya ce yana da abin da zai nuna wa 'yan uwa. Amsa ta zo nan take, cikin ladabi.

"Wa'alaikumus salam. Don Allah da wa nake magana?"

Ya rubuta sunansa da aikinsa da garinsu.

"Ƙanƙara? Ikon Allah. Bara mun yi ta neman injiniya a yankin nan, har na tambaya a zaure. Ashe akwai?"

Abdulgafar ya tuna tambayar sarai. Ya rubuta amsarta a lokacin, ya goge.

"Akwai, ranka ya daɗe," ya rubuta. "Ina nan tun lokacin."