Albasar da Baba Ya Bari

Ranar wata Asabar cikin watan Maris, shekarar da nake aji biyar na firamare, na tsaya a bakin fadamar Kashin Zama ina riƙe da takalman Mama, ita kuma tana cikin laka har idon sawu, tana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. Rana ba ta yi zafi ba tukuna. Lawashin albasar ya fara kwanciya, bakinsa ya yi ruwan ƙasa. A duk gonakin da ke kewaye an kashe injinan ban ruwa, namu kaɗai ke kuka. Wata biyu ke nan da muka binne Baba, kuma wannan albasa ita ce abu na ƙarshe da ya dasa da hannunsa.

Baba malamin makaranta ne a Jega. Muna zaune a Sabon Gari, ɗaki biyu cikin gidan haya, ni da ƙannena Talatu da Yohanna. Noman rani ya koya a wurin wani dattijo, Malam Umaru, wanda ya ba shi aron fili saboda ya taɓa koyar da 'ya'yansa. Kowace Asabar yakan ɗaura fartanya a bayan babur ya tafi, ya dawo da yamma da ƙunshin lawashi da ragowar rake. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi bayan Kirsimeti, kwana shida kawai. Mama ba ta taɓa noman albasa ba. Gero da dawa ta sani tun tana yarinya, su kuwa ba a yi musu ban ruwa.

A safiyar nan Malam Umaru ya zo ya tsaya a kan kunya, ya dubi albasar, ya ce: "Matar Malam, kashe injin ga. Albasa in ta kusa hita, ƙishirwa taka so. In kin cika ta da ruwa ba ta aje." Mama ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce ta ji. Da ya juya baya sai ta dubi ganyen da ke bushewa, ta ce da ni a hankali, "Saratu, ba zan iya kallonta tana mutuwa ba." Ta ci gaba da ba ta ruwa har ana jibi za a cire.

Albasar ta fito manya-manya, jajaye, gwanin sha'awa. Aka jera ta a cikin rudu, wato rumbun kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa, a kan za ta jira damina lokacin da take daraja. A makon ne Kawu Bitrus, yayan Mama, ya zo daga Maiyama. Ina tsakar gida ina wanke-wanke na ji yana cewa baki huɗu sun yi wa mace ɗaya yawa, a ba shi ni in zauna wurinsa in yi karatu a can. Mama ta roƙe shi ya dakata. Ta ce in albasar ta kai damina, za ta riƙe mu duka uku a wuri ɗaya. Kawu ya yarda. Tun daga ranar na san zamana a gidanmu yana rataye a cikin rumbun nan.

Na daina tsayawa 'yar gala-gala bayan an tashi daga makaranta, na bar wa Talatu duwatsun carafkena. Da asuba mukan zauna a kan tabarma, Mama ta karanta mana Littafi Mai Tsarki, wanda Baba ya ja wa layuka da jan biro, sannan kowa ya yi addu'a. Tawa ɗaya ce kullum: Yesu ya tsare albasarmu. Bayan Ista zafi ya sauka. Asabar ta fari da muka hau kabu-kabu muka je dubawa, tun kafin mu ɗaga ciyawar wari ya tare mu. Mama ta sa hannu ta ɗauko ɗaya, ta danna wuyanta, ruwa ya fito. Muka zauna muna tsincewa, mai kyau dama, ruɓaɓɓiya hagu. Kowane mako tarin hagu yana ƙaruwa. Matar Malam Umaru takan kawo mana fura ta zauna ta taya mu, ba ta taɓa cewa ai an faɗa miki ba.

Abin da na kasa ganewa a lokacin shi ne addu'ar Mama. Idan mun gama tsincewa, takan wanke hannu, ta durƙusa a gefen ɗan abin da ya rage, ta yi godiya. Wata rana haushi ya kama ni, na ce mata Allah bai ji mu ba, me za a gode masa? Ba ta tsawata mini ba. Ta ce, "Ni na yi kuskuren, ba shi ba. Kuma bai ce ba za mu yi kuka ba, ya dai ce yana nan." A majami'a matan zumunta suka lura ta daina waƙa, sai suka riƙa zuwa gidanmu kowace Laraba da tulunsu na kiɗa da kacau-kacau, su rera a tsakar gida, ita tana zaune tana motsa leɓe kawai.

Kafin ruwan farko ya sauka, abin da ya tsira bai cika buhu biyu ba. Kawu Bitrus ya dawo ranar wata Lahadi bayan sujada. Mama ta yi mini kitso da kanta, ta ninke kayana a jakar Baba, ta raka mu tasha. A can, cikin hayaniyar masu lodi, ta dafa kaina da hannu biyu ta ce, "Ubangiji, na kasa riƙe ta. Kai ka riƙe ta." Shekara shida na yi a Maiyama, ina zuwa gida lokacin hutu kamar baƙuwa.

Yau ina da aikina da ɗakina, Mama tana wurina, gashinta ya fara fari. Daga Maiyama zuwa Jega tafiyar da ba ta kai awa guda ba ce, amma a wancan lokaci ta fi mini nisan duniya. Ƙannena sun girma a bayan idona, akwai wasanni da faɗace-faɗacensu da ba ni cikinsu, kuma babu wanda zai maido mini da su. Idan wani abu ya kuɓuce mini yanzu, ban iya dogayen addu'o'i ba. Nakan faɗi abin da na kasa, in yi shiru.