Faifai Mai Huda Ɗaya

Da aka sa ranar auren ƙanena, Inna ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wani ɗan faifan kwamfuta na roba, irin na da mai kusurwa huɗu da ake kira filofi. A cikinsa marigayi Baba ya adana zanen wuyan riga da ya ƙirƙira da kansa, lokacin yana da keken ɗinkin ado mai kwamfuta a Kazaure. So take ango ya sa babbar riga mai zanen ubansa. Keken kuwa an sayar bayan rasuwa, ba wanda ya tuna wa ya saya.

Ni ba gwanin haƙuri ba ne, sai ga ni ina yawo da faifai a aljihu. Masu shagunan kwamfuta na Kazaure dariya suka yi mini. A Roni na samu mai tsohuwar na'ura, ya zura, ta yi ƙugi ta ƙi. Ya ɗora faifan nawa a kan wani nasa ya nuna mini: nasa huda biyu, nawa ɗaya, na'urarsa kuma masu biyu kaɗai take karantawa.

Na biya Gwiwa na kai wa kawuna kukana. Shi Kawu a ganinsa ba abin da ƙusa da wuta ba sa gyarawa, daga fasasshiyar ƙwarya har silifas. Ina alwala ya gasa ƙusa ya huda faifan, ya ba ni yana murna wai ya zama ɗan zamani. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma kawu ne, sai na ce an gode. Na koma Roni, na'ura ta sake ƙi.

Biki na matsowa, na kasa zama wuri ɗaya. Da tambaya na gano keken a Babura. Telan da ya saye shi ya liƙe hudar Kawu da salatif, don keken masu huda ɗaya ya sani. Allura ta tashi, zanen Baba ya fara fitowa a kan farar shadda. Ana rabin ƙirji keken ya tsaya, ashe zafin ƙusa ya taɓa cikin faifan. Telan ya ce zai iya cike ragowar da nasa zanen.

Na kawo wa Inna rigar in ji ta bakinta. Ta bi zaren da yatsa har inda ya yanke.

"Kada kowa ya ƙarasa masa," in ji ta. "Mu ma haka Babanku ya bar mu, ana tsakar aiki."