Jirgin Woolwich Bai Juyo Ba

Kukan jirgin fito ne ya tashe ni ranar, dogo mai kauri, irin na saniyar da aka raba da ɗanta. Na buɗe taga, warin laka da na dizal suka shigo. Asabar ce. Ina da karatun jarrabawa, amma na ɓata hantsi ina kallon ruwa.

Gidanmu yana North Woolwich a London, kusa da bakin kogi. Muna sama, ni da Yaya Umaru da matarsa Hajara mai tsohon ciki. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati ta turo shi koyon injin jirgi, ni kuma koyon malanta. Watanmu biyu da zuwa. A ƙasa akwai Baba Isa, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa daga zangon Kumasi, mai ɗingishi, wanda yake ce mini "kai" kamar namiji.

Yaya yana son jirgin nan. Mu mutanen Yawuri ne, a bakin Kwara muka tashi. Yakan ce tun kaka da kakanni ake fito a mashigin nan, da kwale-kwale, sannan jirgin tururi, yanzu na dizal, motoci a sama mutane a ƙasa, kuma ba a karɓar ko kwabo. Kowace safiya sai ya gaida Baturen da ke rufe ƙofar jirgin, ya tambayi iyalinsa, ya miƙa masa goro, shi kuwa ya sa a aljihu yana dariya. A garinmu, in ka san mai fito, ko ya kai tsakiyar ruwa ka kira shi zai juyo. Yaya ya ɗauka ya yi mai fito a London.

Ƙarfe huɗu saura, ina yanka albasa, na ji waƙa daga ƙarshen layi. Muryoyin samarin Turawa ne masu yawa, da ƙarar takalma masu nauyi. Gilashi ya fashe a gidan Indiyawan da ke maƙwabtaka da mu. Sai namu. Bulo ya faɗo kan sallayar Yaya, bai jima da sallame la'asar ba. Daga nan warin fetur ya hau bene. Ta kafar jefa wasiƙa suka zuba shi.

"Ta baya! Kada ku ɗauki komai!" in ji Yaya.

Muka bi lungun shara, Baba Isa yana biye da mu. Hajara ba takalmi. Labulayen maƙwabta suna motsi, amma ba ƙofar da ta buɗe. Na waiwaya sau ɗaya, na ga hayaƙi yana fita ta tagar da na zauna da safe.

"Kogi!" in ji Yaya.

Ƙarfe huɗu da kwata muka kai mashigi. Jirgin yana lodi, babbar mota ta ƙarshe tana hawa. Yaya ya tallafi Hajara har ciki, ya damƙa mini hannunta. Sai ya duba baya. Baba Isa yana can saman gangara a zaune, ya riƙe gwiwa. Bayansa kuma samarin sun karyo kwana.

Yaya ya kira Baturen da sunansa, ya ɗaga masa hannu.

"Jira ni!"

Ya ruga wajen Baba Isa. Baturen ya dube shi, ya dubi sama inda matuƙi yake. Aka buga ƙararrawa. Ya riƙe ƙofar a buɗe. Aka yi masa tsawa daga sama. Sarƙa ta faɗi. Ruwa ya buɗe tsakaninmu da gaɓa, taki ɗaya, sannan gaba guda.

Yaya ya iso bakin mashigi da Baba Isa a goye. Ya sauke shi, ya sa hannu a baki, ya yi kiran da muke yi wa masu fito a gida, mai ja. Babu fushi a muryarsa. Ya tabbata za a juyo.

Jirgin bai juyo ba. Ba shi da hanyar juyawa, domin ɗan'uwansa, jirgi na biyu, ya riga ya taso daga ƙetare. A tsakiyar kogi muka gifta shi, yana tafiyarsa a hankali. Na yi ta yi masa ihu da Hausa ya yi sauri.

Na kifa fuskar Hajara a ƙirjina. Ni na gani. Injin ya cinye kowace ƙara, sai hannuwan samarin suna ɗagawa suna sauka a kansu. Yaya ya jingina tsohon da shinge, ya tsaya a gabansa. Ya daɗe a tsaye.

Kafin jirgi na biyu ya kama gaɓa sun watse. Baba Isa ya karye a hannu. Yaya ya kai asubar Litinin a asibiti, bai farka ba. Baturen nan ya zo jana'iza, ya tsaya daga nesa da hula a hannu. Hajara ta haihu kafin arba'in. Mu uku muka zo London, mu uku muka koma, ɗaya a goye.

Shekaru da yawa bayan haka, ina koyarwa a Sakkwato, wata malama da ta taɓa zama a can ta gaya mini akwai hanyar ƙafa a ƙarƙashin kogin. Ƙofarta wani jan gini ne mai da'ira, a buɗe dare da rana. Yana bayan inda Yaya ya tsaya yana kira, bai kai jifa ɗaya ba.