Ranar da Na Ɗaga Ido Na Kalli Baba

Ni dai da gangan na zaɓi aikin likitan hoto. Ɗaki mai duhu, hoton huhu ko na ƙashi a gabanka, babu mai ce maka ci kanka. Ina dab da gama neman ƙwarewa a wani asibiti a Bronx sai aka ce dole mu yi kwas na shugabanci da harkar kasuwanci, wai karanta hoto kaɗai bai isa ba, sai likita ya san yadda ake tafiyar da sashe da riƙe ma'aikata. Daga cikinmu kuma za a zaɓi wanda zai shugabanci sauranmu baɗi. Ba zan ɓoye ba, ina son kujerar nan kamar me.

Malamar kwas ɗin wata 'yar gajeruwar Baturiya ce, ga fara'a ga faɗin gaskiya komai ɗacinta. Ta sa kowa ya tsaya gaban shugaban sashenmu, wani dattijo sa'an Babana, ya kawo hujjar sayen sabuwar na'ura, ana ɗaukarsa a bidiyo. Na shirya tsaf, babu wanda ya kama ƙafata a hujja. Da aka kunna bidiyona sai ta tsayar, ta tambaye ni ko takalmin shugaban nake son saya. Aji ya kwashe da dariya. Na duba, wallahi gaskiyarta, tun daga farko har ƙarshe idona na kan takalminsa. Ta ce a garin nan wanda bai kalli idon mutum ba, ɗauka ake bai yarda da maganarsa ba, kuma da wuya a ba irinsa shugabanci.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da aka raine ni a kai a Kano, ana sa mini albarka, shi ne yau ya zama aibi? Har na isa gidanmu a unguwar University Heights ina ƙunƙuni a jirgin ƙasa.

Na tarar da Mama tana tuƙa tuwo, na zazzage mata komai. Ta ce to, kowa ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski, tunda ni na ce ina son kujera. Baba kuwa shigowarsa ke nan daga unguwar Jamaica ta nan garin, inda yake tuƙa motar ma'aikatan filin jirgi. Ya saurara har na gama, sannan ya gyara zama a kan darduma.

"Zo ki gwada a kaina," in ji shi. "In kika iya kallona, wane ne shi?"

Na zauna gabansa. Ya haɗe rai, ya maƙe murya, wai shi ne shugaban sashe, ya tambaye ni da Turancinsa na direbobi dalilin da zai sa ya saya mini na'ura. Na ɗago ido, na kai gemunsa, nan na cije. Wuyana ya ƙi. Mama ta leƙo da muciya a hannu tana dariya har da hawaye, tana cewa ga likita guda ta kasa kai wa hanci. Nima dariyar ta ci ƙarfina, Baba ma gemunsa sai rawa yake.

Haka muka riƙa yi kullum bayan Magariba. Yau hanci, gobe gira. Sai wata rana ina tsakiyar bayanin yadda na'urar za ta rage wa marasa lafiya jira, na ji kawai ina kallon ƙwayar idonsa, kuma ban mutu ba. Na ci gaba da zuba, daɗi kamar ya kashe ni. Shi kuwa har ya manta da tambayarsa.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ashe idon Inna ne da ke."

Inna mahaifiyarsa ce. Ta rasu tun ba a haife ni ba, ko hotonta babu. Tun da na yi wayo ban taɓa barin ya ga idona sosai ba. Idonsa ya cika, ya zama shi ne ya sunkuyar da kai. Mama ta ce yau kuma uban ne ke jin kunyar 'yar.

Ranar zaɓe na zauna gaban shugaban sashe na dube shi tsaf. Ashe mutumin ma fuskar tausayi gare shi, shekara da shekaru ban sani ba. Na faɗi abin da zan gyara, har na ce masa tsarin da ya kawo na rabon aiki ba zai yiwu ba. Ya yi murmushi. Aka ba ni kujerar.

Da na koma gida na durƙusa gaban Baba kamar kullum, kaina a ƙasa, ina ba shi albishir. Ya yi hamdala, ya sa mini albarka, ya ce Mama ta ƙara nama a miya. Ina shirin tashi sai ya ce:

"Tsaya mana. Ɗago in gaisa da Inna."