Muryar Malam a Ƙwaryar Inna Larai

Uwaisu ɗan ƙauyenmu ne, nan gabas da Ɗambatta. Ya karanci kwamfuta a Kano, aiki ya ƙi samuwa, ya dawo gida. Da damina yana gonar gyaɗa, da rani yana gyaran waya a rumfata. Ba shi da surutu, ni ke yi mana.

Shekarar korona aka hana taro, ga azumi ya kama. Malam Khalilu, da muka tashi muka tarar yana tafsiri, ya zauna a zaure shi kaɗai. Uwaisu ya ɗaura rauta, na'urar da ke rarraba saƙo ga wayoyi, a kan darbejiyar masallaci, ya haɗa ta da sola, ya rubuta manhaja: Malam zai yi magana sau ɗaya, duk wayar da ta shiga rukunin da ya haɗa ta ji, ba sai da data ba.

Ni na bi gida-gida ina ƙirgawa. Waya goma sha tara, sha takwas na ji tangaram. Ta Inna Larai ce kaɗai ke yankewa. Ita ce yayar Malam, ita ta goya shi, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, kunne kuma ya yi nauyi.

Uwaisu ya canza adireshin rukuni, ya sake loda manhajar, ya hau bishiya ya juya rauta. A hannunsa wayar lafiya lau, da an mayar mata sai ta soma inda-inda. Ya ce min irin wannan saƙo ba a maimaita shi, abin da waya ta rasa ya wuce ke nan. Inna ta aiko a gaya masa in ba zai iya ba ya faɗa, ta san shi tun yana yawo ba wando.

Sai ya je da la'asar, ya durƙusa ya gaida ta, ya zauna. Malam na yin bisimilla ta jefa wayar cikin kwanon samira, ta rufe rabi, ta kafa kunne. Wai ya fi ƙara. Ashe ƙarfen ne ke tare saƙon.

Uwaisu bai yi dariya ba. Ya roƙi ƙwaryar furarta, ya goge da gefen rigarsa, ya sa wayar a ciki. Murya ta fito, ba yankewa.

Ta yi ta saurare har aka shafa addu'a.

"Khalilu ya rame," in ji ta. "Wannan murya ba ta cin sahur. Uwaisu, cire wayar nan daga ƙwaryar, a dama masa fura ka kai masa."