Sakataren Manoman Albasa a Falon Manya

Halliru Yusha'u yana da shekara hamsin da shida, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan yana riƙe da kujerar sakataren ƙungiyar manoman albasa ta wani yanki na Goronyo. Gonar da ya gada tana bakin hanyar ruwan da ke fitowa daga dam, amma tun rasuwar mahaifinsa ba wanda ya gan shi a duƙe yana dashe. Wasu ke noma ta. Shi aikinsa hatimin ƙungiya, da jakar takardu, da jawabi idan baƙi sun zo.

A tashar Goronyo an san al'adarsa. Duk ranar da zai je Sakkwato gidan gaba yake kamawa shi kaɗai, ya ajiye jakarsa a kan kujera, ya koma rumfar mai shayi ya miƙe ƙafa. Idan mota ta cika, Sale ɗan kamasho ya zo har inda yake ya rusuna ya ce an cika. Ko da bai gama shayinsa ba, fasinja bakwai su jira shi cikin rana. Haka ake yi masa fiye da shekara ashirin, kuma bai taɓa hawa jirgin sama ba.

Matsalar manoman yankin ɗaya ce. Ana cire albasa a watan Maris, a shimfiɗa ta a rudu, wato rumfar kara da ake adana ta, kuma kafin damina ta yi nisa kusan rabi ta ruɓe. Bara waccan wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta ba su gurbin mutum ɗaya, ya je Indiya kwana goma ya koyi ginin rumbun da iska ke bi ta ƙarƙashinsa. Sharaɗin a rubuce yake: idan wakilinsu ya kammala horon ya dawo da takardar shaida, za a gina musu irin rumbun guda huɗu. Idan bai kammala ba, aikin ya koma wata jiha.

Manoma suka zauna suka zaɓi Mode, mutumin Boyekai, wanda kowa ya yarda rudunsa ya fi na kowa jure damina. Wasiƙar amsa kuwa sakatare ne ke rubuta ta. Da ta isa ofishin ƙungiyar agajin a Abuja, sunan Halliru ne a ciki. Hujjarsa ita ce Mode ba ya jin Turanci, zai kunyata Goronyo a idon duniya. Malam Victor, malamin gona ɗan Zuru da ke aiki da su, ya tuna masa cewa masu horon sun ce akwai tafinta. Halliru ya ce tafinta ba ya cika wa mutum takarda a filin jirgi. Saboda an makara wajen aika sunan, kujerun baya duk sun ƙare, sai aka yanka masa tikitin kujerar manya.

Jirginsa ya sauka Dubai da safe, na Indiya zai tashi ƙarfe huɗu na yamma. Tikitin ya ba shi damar shiga falon da ake keɓe wa manyan fasinjoji su huta. Abin da ya yi a cikin awa bakwai ɗin ba a ɓoye yake ba, domin shi da kansa ya riƙa turo shi zauren ƙungiya na waya, wanda ni ma nake ciki. Na ƙirga hoto arba'in da uku da saƙon murya goma sha tara. Akwai hoton tawul mai ɗumi da aka miƙa masa. Akwai na kujerar da ke matsa wa mutum baya. Kifi kala biyar, dafaffen ƙwai a kwando ba mai tsaro, inabi, wani abin sha kore da ya ce bai san sunansa ba amma ya sha kofi uku. Ya yi wanka sau biyu don kawai akwai wurin wankan. Ta gilashi ya ɗauki hoton fasinjojin waje, wasu a zaune a ƙasa kusa da ƙofofin jirgi, ya ce ga irin zaman da Mode zai yi da an bar shi ya zo.

Da azahar Malam Victor ya rubuta masa cewa ya riƙa duba allon da ke nuna lokacin tashi da lambar ƙofa. Amsar ta zo da murya, ana jin ƙarar cokali a faranti.

"Malam, wanga allo na mutanen waje na. Mu nan ciki, in jirgi ya cika zuwa aka yi a hwaɗa muna. Kai dai ba ka taɓa shiga ba."

A hoto na talatin da ɗaya Halliru yana tsaye yana murmushi, a bayan kafaɗarsa kuma akwai wata sanarwa da manyan baƙaƙe cewa ba a kiran fasinja a wannan falo, kowa ya kula da lokacinsa. Malam Victor ya karanta ta daga Goronyo. Ya kira sau shida. Halliru ya riga ya shiga ɗakin da ake kishingiɗa, ya kashe wayar don kada a dame shi.

Ƙarfe biyar da kwata ya je wurin matar da ke zaune a teburin ƙofa ya tambaye ta ko jirgin Indiya bai cika ba har yanzu. Shi ya ba ni wannan da bakinsa, kuma har yau yana ganin laifinta ne. Ya ce ya nuna mata lambar kujerarsa, ta biyu daga gaba, ya tambaye ta yadda za a yi matuƙi ya ga wurin ba kowa ya tashi. Ta ce masa an rufe ƙofa tun huɗu saura kwata.

Ba a sami wata kujera ba sai bayan kwana uku, kuma masu horon ba sa karɓar wanda ya rasa kwanakin farko. Aka maido shi Abuja a kujerar baya, kusa da ban ɗaki. Rumbunan huɗu aka gina su a jihar Kebbi.

A taron da aka yi bayan dawowarsa ya yi kusan awa guda yana magana, mafi yawanta a kan falon. Mode ya bari ya gama, sannan ya miƙe.

"Sakatare, mun ji na kihi da na tawul. Mi ka gano muna na albasa?"

Halliru ya ce a cikin abincin falon ma akwai albasa, kuma ta Goronyo ta fi ta nesa ba kusa ba. Wasu suka yi dariya. Ba a cire shi ba. Hatimi yana gidansa, kuma rabin dattawan ƙungiyar surukansa ne ko abokan mahaifinsa.

A watan Yulin bana na je Boyekai. Na tarar da Mode da matarsa Maryam suna tsince albasa, mai kyau gefe ɗaya, ruɓaɓɓiya a kwando ana kai wa bayan gari. Buhu arba'in ya adana, ashirin da uku suka tsira. Ya ce mini da rani ya shiga mota da kansa ya je ƙauyen Kebbi da aka yi ginin, ya roƙi mai gadi ya bar shi ya zagaya, ya auna komai da igiya yana ƙulla ta. A bayan gidansa ya kafa ginshiƙai takwas. Tsawo da faɗi ya same su. Abin da bai gane ba shi ne tazarar katakan ƙasa da iska ke bi, domin albasa ce cike a kai ranar da ya je, kuma mai gadin bai sani ba. Ya ce zai gwada yatsa biyu a rabi, yatsa uku a ɗaya rabin, ya ga wanda zai fi a damina mai zuwa.